Bawul da Ƙarin Bawul: Darasi ga Masu Manyan Motoci da Direbobinsu

Gabatarwa

Duk wanda ya yi sammako ya tsaya kusa da mayankar Oko-Oba da ke Agege, a cikin Ikko, watau Legas, zai ga manyan motoci suna shigowa da shanu daga Arewa. In kuwa ya zarce kasuwar Mil 12, zai tarar da waɗansu ana sauke musu tumatir da albasa da attaruhu. Hausawa sun daɗe da zama a Agege, kuma cinikin goro na cikin manyan abubuwan da suka zaunar da su. Hanyar jirgin ƙasa daga Ikko ta kai Badun a 1901, ta kai Kano a 1911, aka daɗe ana jigilar goro da shanu ta cikinta. Yau kuwa yawancin kayan nan a kan kwalta suke tafiya, tafiyar da takan kai wajen kilomita 1,000 daga Kano zuwa Ikko.

Kusan kowace irin wannan mota tana da tagwayen tayoyi a ƙafafunta na baya, watau taya biyu a jere, ɗaya a waje, ɗaya a ciki. Ta waje kowa na ganinta. Ta ciki kuwa a ɓoye take, kuma ita ce ta fi jawo asara. Wannan darasi zai yi bayani a kan ɗan ƙaramin abin da ake ba taya iska ta cikinsa, watau bawul, da kuma abin da ake ɗaura masa don ya yi tsawo, wanda za mu kira ƙarin bawul. Manufar darasin guda ɗaya ce: tayar da hannu ba ya kai wa ga bawul ɗinta ba a auna iskarta, wadda ba a auna iskarta kuwa ba a san halin da take ciki ba sai ta fashe.

Kashi na Ɗaya: Dalilin Yin Tagwayen Tayoyi

Iskar da ke cikin taya ita ce ke ɗaukar nauyin mota, roba da waya riƙe iskar kawai suke yi. An jera taya biyu ne domin su raba kaya tsakaninsu, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Amma rabon ba ya yin daidai sai iskarsu ta zama ɗaya, girmansu kuma ya zama ɗaya.

Ga misali da tayar da ake yawan gani a tireloli, mai lamba 315/80R22.5. A jikin da yawa daga cikinsu za a ga an rubuta 156/150. Lambar farko tana nufin tayar za ta ɗauki kilo 4,000 in ita kaɗai ce, kamar a ƙafar gaba. Ta biyu tana nufin kilo 3,350 in tana cikin tagwaye. An rage mata ne saboda kwalta tana da doro a tsakiya, ba kullum tayoyin biyu ke taka ƙasa daidai ba. To, taya biyu a gefe ɗaya za su ɗauki kilo 6,700 ke nan. In ta ciki ta sace, wannan nauyi duka sai ya koma kan ta waje, wadda iyakar ƙarfinta kilo 4,000 ne. Direba ba zai ji komai a sitiyari ba, domin motar ba ta karkace ba. Sai ta waje ta yi ta ɗaukar zafi, ta ciki kuma tana ta murƙushewa, har ɗaya ta fashe ta ja ɗayar. Wani lokaci ma robar da ta yi zafi takan kama wuta.

Ko ba ta sace gaba ɗaya ba, bambancin iska kaɗan yana da illa. Taya mai ƙarancin iska takan ɗan gajarta, alhali an ɗaure su wuri guda, tilas su juya tare. Sai gajeriyar ta riƙa gogar kwalta tana cinyewa, doguwar kuma tana shan nauyi. Saboda haka ne masu ƙera tayoyi suke gargaɗi kada bambancin tsayin tagwaye ya wuce wajen milimita 6.

Kashi na Biyu: Mene ne Bawul?

Irin bawul ɗin da ke jikin motoci a yau ya samo asali ne daga wani Bajamushe mazaunin birnin New York na Amurka, mai suna August Schrader, wanda aka yi wa ƙirarsa rajista a 1893. Bawul yana da sassa huɗu. Akwai jikinsa, watau ɗan bututun da ke fitowa daga ƙarfen taya, wanda ake kira rim. Akwai 'yar allurar da ke cikinsa, wadda ke buɗewa in an danna ta, ta rufe in an sake ta. Akwai robar gindinsa, mai toshe tsakaninsa da ramin rim. Sai kuma murfi.

Mutane da yawa sun ɗauki murfi ado ne, har yara kan kwance shi su yi wasa da shi. Murfin ƙarfe mai 'yar roba a ciki shi ne ƙofa ta biyu: in allura ta yi yoyo, shi zai riƙe iska. Shi ne kuma ke hana ƙurar hunturu da taɓon damina shiga. Ƙwayar yashi ɗaya in ta maƙale a bakin allura ta isa ta zubar da iskar taya sannu a hankali.

A lura da abu guda. Bakin bawul na ƙaramar mota da na tirela zarensu iri ɗaya ne, murfin wannan yakan hau wancan. Wannan ne ke ruɗin mutane har su zaci kowane bawul zai yi aiki a kowace taya. Ba haka ba ne, ƙarfinsu ya bambanta ƙwarai.

Kashi na Uku: Zaɓen Bawul

Ana auna iskar taya da geji, kuma awon da aka fi sabawa da shi a ƙasar nan shi ne wanda ake rubutawa PSI. Ƙaramar mota takan sha tsakanin 30 da 35. Tayar tirela kuwa takan sha daga 100 zuwa 130, gwargwadon irinta da nauyin kayanta. Da wannan awo ake zaɓen bawul.

Na farko, bawul ɗin roba wanda ake cusawa a rami a fizgo shi, kamar mai lamba TR413. An yi shi ne don ƙananan motoci, iyakarsa 65. Ba shi da wuri a babbar mota ko kaɗan.

Na biyu, mai gindin roba da jikin ƙarfe, kamar TR600HP, wanda ke ɗaukar har 80. Yana yi wa waɗansu matsakaitan motoci aiki. Masu motoci irin su Canter da Dyna da bas ɗin Coaster, waɗanda su ma tagwayen tayoyi gare su a baya, su duba iskar da aka rubuta wa motarsu kafin su yarda a sa musu shi.

Na uku, bawul ɗin ƙarfe zalla wanda ake ɗaurewa da noti. Shi ne na manyan motoci masu taya marar tiyub, kuma shi kaɗai ya cancanci a ɗaura wa ƙari. In an ɗaura ƙari a kan bawul ɗin roba, nauyin ƙarin zai riƙa lanƙwasa shi duk juyin da taya ta yi, har gindinsa ya tsage.

Bayan ƙarfi, sai a duba abubuwa uku. Na ɗaya, faɗin ramin rim. Akwai mai milimita 11.5, akwai mai wajen 16, akwai kuma mai 9.7 wanda ake samu a yawancin manyan motocin Turai. Bawul ɗin da bai dace da raminsa ba yoyo zai yi, ko da an cika shi da tsumman roba. Na biyu, tsawo da lanƙwasa. Ana ƙera bawul miƙaƙƙe, ana kuma ƙera mai gwiwa, domin bakinsa ya fito ta tagar rim ba tare da ya taɓa ƙarfen birki ba, wanda makanikai ke kira durom. Tayar ciki ita ce ke kewaye da wannan ƙarfe, ita ce ke shan zafinsa in ana gangara da kaya ana taka birki. Bawul ɗin da ya jingina da shi robarsa za ta ƙone. Na uku, irin ƙarfen rim. In na alminiyam ne, a nemi bawul ɗin da aka yi dominsa, domin tagulla tsirara in ta daɗe a jikin alminiyam cikin laima, irin ta Ikko mai gishirin teku, sai wurin ya ci, iska ta sami hanya.

Motocin da ke amfani da tiyub, irin tsofaffin Mercedes 911 da tifofi da yawa, bawul ɗinsu a jikin tiyub yake. A nan sai a zaɓi tiyub mai bawul ɗin da tsawonsa da gwiwarsa suka dace da rim. Kada a yarda a riƙa lanƙwasa shi da filaya ana mayarwa, gama tagulla in ta sha lanƙwasa tsagewa take yi.

Kashi na Huɗu: Ƙarin Bawul da Ire-irensa

A tagwayen tayoyi, rim biyu suna haɗe ne fuska da fuska. Bawul ɗin ta ciki yana can lungu, sai an zura hannu ta tagar rim ɗin waje. Na ta waje kuma sau da yawa ciki yake kallo. Wannan wahala ce ta sa aka ƙirƙiro ƙarin bawul. Ba a nan ƙasar kaɗai ake fama da ita ba. A Amurka da Turai akwai motocin da ake gina ɗaki da kicin a cikinsu, iyali su yi ta yawo suna kwana a ciki. Da yawansu tagwayen tayoyi gare su, kuma masu su na fama da wannan matsala ɗaya da direban Agege.

Ƙarin bawul iri huɗu ne.

Akwai na leda mai tauri. Yana da araha, amma zafi da rana na busar da shi ya karye. Araha ba ta ado. Bai dace da doguwar tafiya ba.

Akwai na ƙarfe, miƙaƙƙe ko mai gwiwa. Yana da ƙarfi, ya kuma fi dacewa in tazarar gajeriya ce. Aibinsa shi ne in ya yi tsawo ba a tallafe shi ba, girgizar hanya takan kwance shi ko ta karya bawul ɗin da ke riƙe da shi.

Akwai na tiyon roba, mai lanƙwasuwa. Yana kaiwa inda na ƙarfe ba ya kaiwa, amma in ya riƙa gogar bakin tagar rim, ƙarfe zai yanke shi.

Akwai kuma tiyon da aka saƙa wa waya a bayansa. Ya fi na roba zalla jure guga, amma shi ma tilas a ɗaure shi.

Ban da wannan, akwai wani bambanci da ya fi duka muhimmanci, wanda ya kamata mai saye ya tambaya. Wani ƙarin, da zarar an ɗaura shi, yakan danne allurar bawul ta zauna a buɗe, iskar taya ta cika shi har bakinsa. Irin wannan in ya huje ko ya kwance, iskar tayar duka za ta fita. Wani kuwa yana da 'yar sanda ko waya a cikinsa, ba ya danna allura sai an kafa geji ko bakin famfo. Shi wannan ko ya yanke a hanya, bawul na asali yana nan a rufe. Na biyun ya fi aminci. Hanyar ganewa mai sauƙi ce: in ana ɗaura shi aka ji iska ta yi tsaki kafin ya zauna, to mai danne allura ne.

A sani kuma, kowane ƙari mahaɗa ce, kowace mahaɗa kuma ƙofar yoyo ce. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Saboda haka abin da ya fi duka shi ne dogon bawul ɗin ƙarfe guda ɗaya, wanda aka ƙera da tsawon da zai fito waje da kansa. Wanda ya sami wannan ba ya bukatar ƙari. Wanda kuma bai samu ba, yana iya sayen geji mai dogon wuya da baki biyu, ɗaya na turawa, ɗaya na jawowa, wanda aka yi musamman don tagwayen tayoyi. Ƙari shi ne zaɓi na uku. Kada a taɓa jona ƙari a kan ƙari.

Kashi na Biyar: Yadda Ake Ɗaurawa

1. A sa sabon bawul, ko aƙalla sabuwar robar gindi da sabuwar allura, duk lokacin da aka sa sabuwar taya.

2. A goge ramin rim, a kankare tsatsa kafin a zaunar da bawul.

3. A ɗaure noti daidai wa daida. In ya yi sako-sako zai yi yoyo, in an matse shi da ƙarfin tsiya robar za ta fashe.

4. Wajen haɗa tagwaye, a sa bawul ɗin ta ciki da na ta waje su yi hannun riga, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, tagogin rim biyu kuma su yi saiti, yadda bawul ɗin ciki zai leƙo ta tsakiyar taga.

5. In an sa ƙari, a ɗaura shi da hannu, sa'an nan a ɗan ƙara da sifana kaɗan. A kafe shi da maƙalinsa a jikin rim, ko da toshiyar robar da ake sawa a taga don ta riƙe shi. Kada a bar shi yana lilo. Kada kuma ya zarce gefen taya, inda dutse ko bakin kwalbati zai doke shi.

6. A shafa ruwan sabulu a gindin bawul, da mahaɗar ƙari, da bakinsa. In kumfa ta taso, akwai yoyo. Tofa yawu a bakin bawul, kamar yadda aka saba, allura kaɗai yake gwadawa, ba ya nuna yoyon gindi.

7. A rufe da murfin ƙarfe. Bayan tafiyar farko a sake dubawa.

Kashi na Shida: Awo Kafin Tashi

A ɗauka ga wata mota a Agege ta gama lodi za ta koma Arewa. Yaron mota ya zagaya da ƙarfe yana bugun tayoyi, ya dawo ya ce, “Maigida, duk lafiya lau, kowace ta amsa.” Direba ya ce, “Ta cikin fa, ka sa mata geji?” Yaro ya ce, “Ai hannu ba ya kaiwa, maigida.” Direban kirki a nan ba zai tayar da mota ba sai an kira mai faci an gyara wannan bawul. Bugu da ƙarfe yana nuna tayar da ta sace sarai, amma kunne ba ya rabe 110 da 85.

A yi awo da safe, ko bayan mota ta huta kamar awa uku, lokacin da taya ta huce. In aka auna ta da zafi, a Jabba ko a Makwa bayan doguwar tafiya, za a ga iskar ta hau. Haka ya kamata ta yi, kada a rage ta. Wanda ya rage iskar taya mai zafi zai wayi gari da taya marar isasshiyar iska. Adadin da ya dace yana cikin littafin motar ko a 'yar takardar da ke manne a jikinta. Wanda ke rubuce a gefen taya shi ne na iyakar nauyin da za ta iya ɗauka.

Ga gargaɗi na musamman ga masu faci. Tayar babbar mota da aka yi tafiya da ita alhali iskarta ta ragu da kashi ɗaya cikin biyar ko fiye, kada a ƙara mata iska a jikin mota. Wayoyin gefenta sun riga sun gaji, suna iya tsinkewa gaba ɗaya ana cikin ba ta iska, ƙarfin fashewar kuwa yana kisa. A sauke ta, a cire ta daga rim, a duba cikinta. In za a ba ta iska, a sa ta cikin kejin ƙarfe, a yi amfani da dogon tiyo, mutum ya tsaya daga gefe, ba a gabanta ba. Haka nan rim mai zobe, na motoci masu tiyub: a zubar da iskar tayoyin biyu duka kafin a kwance notin ƙafa.

Kammalawa

An buɗe babbar hanyar Ikko zuwa Badun a 1978, aka kuma kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Tarayya a 1988. Hanya da hukuma suna da nasu aikin, amma ba jami'in da zai zura hannu ya auna tayar ciki a madadin direba. Kuɗin bawul bai kai ko kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin sabuwar tayar tirela ba. Amma in ya gaza a dajin da ba mai faci, shanu na iya galabaita a cikin mota, tumatir ya ruɓe, jarin mutane da yawa ya narke, in abin ya zo da ƙarar kwana kuma a rasa rayuka. Allura ce ke tono garma. Mai mota ya saya wa motarsa bawul na ƙarfe da geji nata na kanta. Direba ya auna kowace taya, ta waje da ta ciki, kafin ya tashi. Mai faci kuma ya gaya wa mai mota gaskiya in kayan da aka kawo masa ba su dace ba.

Tambayoyi don Bita

1. Taya mai lamba 156/150, kilo nawa za ta ɗauka ita kaɗai, kilo nawa kuma a cikin tagwaye?

2. Me ya sa ba a ɗaura ƙari a kan bawul ɗin roba?

3. Wane bambanci ke tsakanin ƙarin da ke danne allura da wanda ba ya danne ta? Wanne ya fi aminci?

4. Faɗi wurare uku da ake shafa wa ruwan sabulu bayan an ɗaura bawul da ƙari.

5. Me ya kamata a yi wa tayar da aka yi tafiya da ita da ƙarancin iska kafin a sake ba ta iska?